Yadda Ake Jinyar Kunkurun Ruwa Idan Ciwo Ya Kama Shi

Shekaru da dama ke nan ina kiwon kunkurun ruwa a gidanmu da ke Garwa, a arewacin Kamaru, kuma tun da maƙwabta suka gane haka, duk wanda yaronsa ya tsinto ɗaya a kududdufi ko a bakin Binuwai da damina, idan ya fara lalacewa wurina ake kawo shi. Yawancinsu a Disamba da Janairu suke zuwa, lokacin da hunturu ya kankama. Kaɗan ne daga cikinsu ke buƙatar allura. Mafi yawa sanyi ne ya kwantar da su, da ƙazamin ruwa, da abinci iri ɗaya, da rashin rana, kuma waɗannan huɗun babu mai gyara su sai wanda dabbar ke hannunsa.

Bayanin nan ya shafi kunkurun ruwa mai ƙoƙo mai tauri, wanda ke lanƙwashe wuyansa gefe idan ya tsorata, wato nau'o'in da masana ke kira Pelomedusa da Pelusios, waɗanda suka cika tafkuna da fadamun ƙasar nan har zuwa Tafkin Chadi. Kififiya mai lallausan baya kamar fata da dogon hanci halittarta daban ce: laushin bayanta ba ciwo ba ne, ba ta jure zama a busasshen wuri, ga ta da mugun cizo.

Kayan da za ka tanada

- Roba babba guda biyu masu santsi, irin na wanki, waɗanda ba zai iya hawa ya fita ba. Ɗaya ta ruwa ce, ɗaya busasshiya.
- Ma'aunin zafi da ke auna ruwa. Na auna zazzaɓin mutum ba zai yi ba, domin ba ya nuna abin da ya gaza digiri 32.
- Ƙaramin sikeli mai nuna giram, da littafi da biro.
- Ƙwan lantarki irin na da, mai zafi, wat 40 zuwa 60. Ƙwayayen zamani masu farin haske ba sa ba da ɗumi. Ka haɗa da fulas da gorar roba saboda ɗauke wuta.
- Maganin wanke rauni na Betadine, da ruwan gishirin asibiti wanda a kantin magani ake kira sérum physiologique, da man ƙuna na Flammazine. Idan ruwan gishirin ya gagara, ka tafasa lita ɗaya ta ruwa da giram 9 na gishiri, kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi a shafe, ka bari ya huce, kuma ka riƙa haɗa sabo kullum.
- Auduga, sabon buroshin haƙori mai laushi, hantsaki, sirinji marar allura, da tsumma mai tsabta.
- Ragar waya ta rufewa, da tsohon gidan sauro.
- Sabulu.

1. Ware shi, ka kare mutanen gida

Kafin komai, ka raba marar lafiyar da sauran, idan akwai su, ka ba shi robarsa da kayansa shi kaɗai. Kunkuru, ko lafiyayye ne, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a cikinsa ba tare da ta dame shi ba, amma tana sa wa mutum zazzaɓi da gudawa, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Don haka a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa shi ko ruwansa, kada a wanke robarsa a inda ake wanke-wanke, kada kuma a ɗebo masa ruwa da butar alwala ko kofin sha. Yaron da ya tsinto shi zai so ya riƙa ɗaukarsa, amma a kwanakin jinya kallo kawai ya kamata a bar masa.

2. Duba shi tun daga hanci har wutsiya

Ciwon kunkuru a ɓoye yake kamar kansa, kafin ya fito fili ya daɗe yana cinsa, shi ya sa nake ba wannan mataki lokaci mai yawa. Ka fara da ɗora shi a sikeli, ka rubuta nauyinsa da kwanan wata. Lafiyayye yana da nauyi a hannu kamar dutse. Wanda ka ɗauka ka ji shi fayau kamar busasshiyar ƙwarya ya daɗe ba ya ci, ko kuma ruwan jikinsa ya ƙare.

Sai ka zauna ka jira ya fito da kai, kada ka jawo shi da ƙarfi. Ka dubi idanu: a buɗe suke suna ƙyalli, ko sun kumbura sun rufe, ko sun faɗa ciki? Ka dubi hanci ko akwai kumfa ko majina, ka kasa kunne ko numfashinsa na fito, ka lura ko yana miƙe wuya sama yana buɗe baki. A bayan ido kaɗan akwai wani zagaye mai laushi, nan ne kunnensa; idan gefe ɗaya ya tasa kamar ƙwallon gyaɗa, ƙurji ne. Daga nan ka danna ƙoƙon baya da na ciki da babban yatsa a hankali. Na babba bai kamata ya lotsa ba ko kaɗan, na jinjiri ne kaɗai ke da ɗan laushi. Ka nemi fararen tabo, da ramuka, da wurin da ya yi ja ko yake tsattsafo da ruwa, sannan ka sansana. Kunkurun nan yana sakin wani wari idan an ɗauke shi don ya kare kansa, wannan ba ciwo ba ne. Warin da nake nufi shi ne na ruɓa, wanda ke fitowa daga tabon kansa. Ka leƙa ramukan hannuwa da na ƙafafu, domin nan matsattsaku ke maƙalewa ga waɗanda aka kamo daga fadama. Idan ka gan su, ka ɗiga musu ɗan gishiri su saki, ka cire da hantsaki, ka wanke wurin. Duk lokacin da ka kifar da shi don duba ciki, ka yi sauri ka maido shi, saboda huhunsa a ƙarƙashin ƙoƙon baya yake, kayan ciki na danne shi idan yana rigingine.

Gwaji na ƙarshe shi ne na ruwa. Ka sa shi a ruwan da ya fi tsayinsa zurfi na minti biyu ko uku kana tsaye a kansa. Mai lafiya yana nutsewa ya taso yadda ya ga dama. Wanda ya karkace gefe ɗaya, ko ya kasa nutsewa sam, ana zargin ciwon huhu, sai a fitar da shi nan take.

Abubuwa biyu ne ke ruɗar sabon mai kiwo. Na farko, a daji waɗannan dabbobi sukan binne kansu a laka idan ruwa ya janye da rani, su kwanta har damina, saboda haka wanda ya rage ci a Janairu alhali idonsa garau, nauyinsa bai ragu ba, yana kuma ture hannunka da ƙarfi, mai yiwuwa lokacin ne kawai ya zagayo. Na biyu, ɓawo siriri kamar farce da ke ɓarewa daga ƙoƙo ya bar sabo mai tauri a ƙasa saɓa ce ta girma, ba ruɓa ba.

3. Ɗumama shi

Idan aka ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan zaɓa. Kunkuru ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, na wurin da yake shi ne nasa, kuma idan ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da abinci, jikinsa ba ya yaƙar cuta, maganin da aka ba shi ma ba ya aiki yadda ya kamata. Da hunturu zafin dare a Garwa yakan sauka ƙasa da digiri 20, a Kusiri da Njamena ya fi haka sauka, ruwan bokitin da ya kwana a tsakar gida kuwa kowa ya san yadda yake da asuba. A daji laka ce ke kare shi daga wannan sanyi. A bokiti ba shi da mafaka.

Abin da ake nema shi ne ruwa mai digiri 27 zuwa 29 dare da rana, da busasshen wuri a ƙarƙashin ƙwan lantarki, mai digiri 32 zuwa 35. Ka shigar da robar ɗaki, ka ɗaga ta daga siminti da katako ko kwali, ka rataye ƙwan a gefe ɗaya kamar taƙi ɗaya da rabi sama da bayansa, ta yadda ɗaya gefen zai zauna da sanyi-sanyi, ya matsa can idan zafi ya ishe shi. Ka ɗaure wayar da kyau, ƙwan da ya faɗa ruwa yana kashe dabba, yana iya kashe mutum. Idan ba ka da ma'auni, ka gwada da bayan hannu: ruwan da ya dace ba ya jin sanyi, ba ya kuma jin ɗumi sosai. Wanda ya kai ɗumin ruwan wankan jariri ya yi masa yawa.

Idan wuta ta ɗauke, ko babu ita sam, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi daga fulas, ka naɗe ta da tsumma, ka ajiye a gefen busasshiyar robar, ka rufe rabin bakinta da bargo, ka sauya ruwan gorar kafin ka kwanta da kuma lokacin sallar asuba. A irin wannan hali gara ya kwana a busasshen wuri mai ɗumi da ya kwana a ruwan da zai huce. Kada ka kusantar da kaskon garwashi, hayaƙinsa na ƙara wa huhu ciwo. Kada kuma ka tsoma wanda ya sandare cikin ruwan ɗumi kai tsaye, ka ɗaga zafin a hankali cikin awa biyu ko uku.

Da bazara matsalar juyawa take yi. A Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, ruwa kaɗan a roba kuwa nan da nan yake ɗaukar zafin da zai kashe shi. A wannan lokaci ka kashe ƙwan, ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

4. Gyara ruwa

Ruwan jinya ba ya son zurfi. Ya tsaya daidai inda zai rufe ƙoƙon baya, ta yadda dabbar za ta ɗaga hanci ta shaƙi iska tana tsaye a kan ƙafafunta, domin marar ƙarfi yana nutsewa ya mutu a ruwan da lafiyayye ke wasa a ciki. Kada ka zuba yashi ko tsakuwa. Ka sauya ruwan gaba ɗaya kullum, da kuma duk lokacin da ya yi kashi, sabon kuwa ya zama daidai da tsohon a ɗumi. Ruwan famfo a tare shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana guda don warin magani ya fita. Na rijiya ko na burtsatse ana amfani da shi kai tsaye. Idan idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yanƙwane, jiƙa shi na minti 30 sau biyu a rana yana maido masa da ruwan jiki, tun da a cikin ruwan yake sha.

5. Kai shi rana da safe

Hasken rana ne ke sa jikinsa ya haɗa bitamin D, wanda sai da shi kalsiyam ke shiga ƙashi da ƙoƙo. Kunkurun da aka ɓoye a lungu ko ƙarƙashin gado watanni, ƙoƙonsa yakan yi laushi, ƙafafunsa su raunana. Ƙwan lantarki ɗumi kawai yake bayarwa, hasken da ya ratso gilashin taga ma ba ya yin wannan aiki. Ka fitar da shi tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, minti 30 zuwa awa ɗaya, ka rufe rabin robar da katako don inuwa, ka ɗora raga saboda shirwa da kyanwa, ka kuma zauna kusa. Na taɓa rasa wani da ya kusa warkewa a watan Afrilu, saboda na fitar da shi, baƙo ya yi sallama, na shagala har inuwar ta gushe.

6. Jinyar ƙoƙon da ya ruɓe

Wannan ita ce jinyar da ta fi cin lokaci, kuma asalinta kusan kullum ɗaya ne: ƙujewa ko cizo, sannan zama cikin ƙazamin ruwa babu wurin hawa a bushe. Ka wanke ƙoƙon da ruwan gishirin, ka goge tabon da buroshi a hankali har abin da ya mutu ya fita. Abin da ya ƙi fita ka bar shi zuwa gobe, domin ƙoƙo ƙashi ne mai rai, yana jin zafi, yana kuma zubar da jini. Ka sirka Betadine da ruwa har ya yi launin shayin da bai yi ƙarfi ba, ka shafa da auduga, ka bari ya bushe minti 10, sannan ka shafa Flammazine siriri.

Daga nan sai zaman tudu. Ka sa shi a busasshiyar roba mai tsumma, a wuri mai ɗumi, ya yini ya kwana a nan, ka riƙa maida shi ruwa mai tsabta na kimanin awa ɗaya a rana don ya sha, ya ci, ya yi kashi, sannan ka tsane shi ka sake shafa magani. Jinjiri yana saurin bushewa, shi a maida shi ruwa sau biyu ko uku. Ka rufe robar da gidan sauro saboda ƙuda da ke sa tsutsa a rauni, ka ɗora ragar waya da dutse a kai da dare, domin ɓera da gafiya na gaigayar ƙafafun kunkurun da ba shi da ruwan ɓuya, ka kuma duba ko akwai hanyar cinnaka kusa. Ana ci gaba da haka mako biyu zuwa huɗu. Alamar nasara ita ce wari ya ɗauke, wurin ya bushe ya yi tauri. Tabon kansa kuwa zai ɗauki watanni, wani ma ba ya ɓacewa.

Kada ka shafa baƙin mai, ko toka, ko man shanu, ko manja. Na san ana yi wa raunin dabbobin gida haka, amma a ƙoƙo maiƙo rufe ƙwayar cuta yake yi a ciki, ya hana wurin shan iska.

7. Ido mai kumburi

Idan ido ɗaya ne, galibi rauni ne ko datti. Idan duka biyun ne suka rufe, sai a zargi ƙazamin ruwa ko ƙarancin bitamin A, wanda ke samun kunkurun da aka daɗe ana ba shi tsoka zalla. Ka wanke idon da ruwan gishirin ta sirinji marar allura sau biyu a rana, ba tare da ka buɗe fatar da ƙarfi ba, ka kiyaye kada Betadine ya shiga. Kwalli da maganin idon mutane ba nasa ba ne. Sau da yawa idon yakan buɗe na ɗan lokaci bayan an jiƙa shi a ruwan ɗumi, to wannan ne lokacin miƙa masa abinci, saboda wanda ba ya gani ba ya ci. Allurar bitamin A aikin likita ce, idan ta yi yawa fata take saluɓewa.

8. Ciyarwa

Kada ka yi gaggawar ciyarwa kafin ya yi kwana biyu cikin ɗumi. Kullum a cikin ruwa ake ba shi, domin da ruwa yake haɗiya. Abin da ya fi tayar masa da sha'awa shi ne abu mai motsi, kuma ban ga abin da ya kai tana ba. Da rani ana samunta a gindin randa ko a lambunan bakin kogi. Bayan ita sai 'ya'yan karfasa ɗanyu da ƙayarsu da kayan cikinsu, da katantanwar ruwa, da fara, da gara. Farar da aka kamo kusa da gonakin auduga da ake yi wa feshi guba ce gare shi. Hantar kaza ko ta kifi, gwargwadon girman idonsa sau biyu, sau ɗaya a mako, ta isa ta cike gurbin bitamin A. Domin kalsiyam, ka tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ya yi gari, ka cusa ɗan kaɗan a cikin cikin kifin sau biyu a mako, don idan ka barbaɗa a sama ruwa ne zai wanke.

Tuwo, burodi, shinkafa, kilishi da bandar kifi ba abincinsa ba ne, ko da ya karɓa. Abin da bai ci ba cikin minti 20 ka kwashe. Kada ka ɓare bakinsa ka ɗura masa abinci ko madara, yana iya wucewa huhu. Babba yana jure makonni babu ci muddin yana sha, amma jinjirin da ya yi mako guda bai ci ba yana cikin haɗari.

9. Lokacin da jinyar gida ba ta isa ba

Ka nemi likitan dabbobi ba tare da jira ba idan yana numfashi da baki a buɗe, ko ya karkace a ruwa, ko ƙoƙon ciki da fatar ƙafafu sun yi ja kamar jini ya kwanta, ko ƙoƙon ya fashe, ko wani abu ya fito ta dubura ya ƙi komawa, ko ya rasa kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ko ka yi mako guda kana bin matakan nan babu canji. Kunkuru ba ya iya tari, saboda haka abin da ya taru a huhunsa ba ya fita, ɗumi kaɗai kuma ba ya warkar da ciwon da ya yi nisa. Ƙurjin kunne ma na likita ne, domin mugunyarsa dasƙararriya ce kamar cuku, matsawa ba ta fitar da ita sai an tsaga. Macen da ta daina ci tana ta haƙa da ƙafafun baya ƙwai take son sakawa, ko da babu namiji. Ka ba ta damshin yashi mai zurfin taƙi ɗaya a wuri shiru, idan ta yi kwanaki ba ta saka ba tana raunana, a kai ta.

Likitocinmu sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji, don haka ka tafi da littafinka, domin a kan giram ake lissafa maganin. Abu ɗaya kuma ka faɗa da bakinka ko ba a tambaye ka ba: kada a yi masa ivermectin. Wannan maganin tsutsa da kaska da ke hannun kowane makiyayi yana shanye jikin kunkuru ya kashe shi, ko da ɗigo ne. Wani maƙwabcina ya rasa biyu a dare ɗaya da ragowar abin da ya yi wa ragonsa. Haka nan kada ka ɓare kafso na mutane ka zuba a ruwansa, ko ka ba shi farasitamol. Idan an rubuta allura, akan yi ta a hannun gaba, wasu magungunan kuma sai bayan kwana biyu ko uku ake maimaitawa saboda jikinsa a hankali yake sarrafa su. Ka cika adadin ko da ka ga ya warware. A hanya ka ɗauke shi a kwali da tsumma mai ɗan damshi, ba a bokitin ruwa ba. Idan tantance nau'insa ne ya gagara, a nan Garwa akwai makarantar horar da jami'an kula da namun daji da aka buɗe a 1970, inda ake da masu sanin dabbobin yankin.

10. Maida shi mazauninsa

Idan ya yi mako biyu yana ci da kansa, nauyinsa na hawa, yana nutsewa daidai, yana kuma zamewa cikin ruwa da gudu idan ya ga inuwarka, sai ka fara ƙara zurfin ruwan kaɗan-kaɗan cikin kwana huɗu ko biyar. Kafin ya koma, ka wanke tsohon mazaunin, ka shanya shi a rana yini guda, ka sa masa dutse mai faɗi ko katakon da zai hau ya bushe gaba ɗaya, ka ci gaba da auna shi sau ɗaya a mako har wata biyu. Idan kuwa iyalin sun ga ba za su iya ɗawainiyar ba, kuma daga nan kusa aka kamo shi, bai kuma zauna da wani kunkurun da aka sayo daga waje ba, a jira ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli, a kai shi kududdufin da aka tsince shi da sassafe, a ajiye shi a bakin ruwa ya shiga da ƙafarsa.